Gaiwa a Tafkin Bado

Ihun da Hajiya Ma'u ta ƙwalla da hantsin nan, har maƙwabta sai da suka ji shi.

Hanifa tana ɗaki tana ɗaura ɗankwali za ta tafi wurin aiki. Ba ta san lokacin da ta yar da jaka ta yi filin baya da gudu ba, ƙafa ko takalmi babu. Ta tarar da mahaifiyarta a bakin ɗan tafkin da aka gama ginawa satin jiya, buta ta faɗi gefe, hannu a ƙirji, baki sai innalillahi.

"Mama, lafiya? Maciji ne?"

"Da maciji ne ai da sauƙi! Duba can, ƙarƙashin ganyen can!"

Hanifa ta leƙa. Da farko ba ta ga komai ba sai ganyen bado da ya fara shimfiɗuwa a kan ruwa, da ɗan famfon sola yana ta tsartuwa a kan duwatsu. Can sai wani abu dogo, mai launin toka da ɗige-ɗige, ya ɗago kai. Ya buɗe baki ya shaƙi iska kamar mutum, ya karkaɗa wasu siraran hannuwa masu kama da igiya, ya nutse.



Ba wanda ya sa kifi a tafkin nan. Ita shaida ce. Ranar da aka fara aikin, mahaifinta Alhaji Muhammad Sani ya faɗa da bakinsa har sau biyu: yana son ruwa, yana son furanni, amma ban da kifi, ba ya son ƙarni a gidansa. Ruwan na burtsatse ne, ƙasan tafkin siminti, katangar gidan kuwa ko ƙadangare sai ya yi da gaske yake hawanta.

Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne wanda ya gina tafkin. Munzali ne, ɗan masuntan Argungu, wanda suka yi shekara uku suna son juna tun suna Poli. Sau biyu yana neman izinin turo manyansa, sau biyu Alhaji yana cewa a dakata. Da Alhaji ya yi ritaya daga darakta, ya tare a sabon gidansa na unguwar Gesse a Birnin Kebbi, ya ce yana sha'awar irin tafkin da ya gani a wani otal a Abuja, ita ce ta yi wuf ta ce ai ta san gwani. Dabararta ita ce Baba ya ga aikin hannun Munzali, ya ga natsuwarsa, zuciyarsa ta yi laushi. Kuma dabarar ta fara ci, don ranar da aka kunna famfon har murmushi Alhaji ya yi, ya ce, "Yaron nan ya iya."

To ga abin da ya fito daga ciki.

Kafin azahar Gwaggo Baiwa ta dira a gidan. Ita ce yayar Alhaji, kuma ita ce uwar Abdussamadu, wanda take ta kai gwauro tana kai mari a ba shi Hanifa. Wa ya buga mata waya, oho. Ta tsaya nesa da tafkin, ta toshe hanci da mayafi, sai ka ce gawa aka ajiye.

"Ni dai na hwaɗi! Tun ranar da yaron ga yas sa ƙahwa gidan ga nis san akwai wata a ƙasa. Wa yas sa kihi ciki? Babu! To daga ina abin ga yaf fito, mai hannuwa kamar ɗan mutum?"

"Gwaggo, ƙila dai..."

"Rufe min baki! Ke da anka riga anka gama da ke? Ɗiyan masu ruwa ba su shiga gidan mutane hakanan. Shi ya sa yarinya ba ta ji ba ta gani. Ashe ajiya anka yi muna cikin gida!"

Abdussamadu yana gefe da wayarsa a sama, yana jiran abin ya sake ɗagowa ya ɗauka. Ya juyo da muryar nan tasa mai sanyi wadda take ƙona wa Hanifa rai.

"Ƙanwata, ba wanda ya ga laifinki. Wanda aka yi wa irin wannan aikin ai bai san an yi masa ba."

Ta watsa masa harara, ta juya wajen mahaifinta. Alhaji ya daɗe tsaye a bakin ruwan, hannuwa a baya. Abin ya ɗago a gabansa, ya shaƙi iskarsa, ya koma. Kowa ya ja da baya, shi kaɗai ne bai motsa ba.

"A gaya wa Munzali ya zo jibi Asabar bayan azahar," in ji shi, ba tare da ya dubi kowa ba. "Ya kwashe abin da ya kawo. A cike ramin. Maganarsa kuma ta ƙare a gidan nan."

"Baba, don girman Allah ka saurare shi tukuna!"

"Na gama magana, Hanifa. Ba zan yi miki dole da kowa ba. Amma shi, ba zan ba shi ba."

Ranar Juma'a da safe ta ce da Mama za ta ofis. Ƙarya ce, kuma ita ce ƙarya ta farko mai girma da ta taɓa yi wa uwarta. Keke ta hau zuwa tasha, ta shiga motar Argungu. Duk wanda ya dube ta sau biyu sai ta ga kamar ɗan aiken Gwaggo ne.

A fadama ta same shi, inda yake renon bado da kainuwa a cikin manyan robobi. Bazara ta ƙone wurin, ƙasa ta tsattsage, rana kamar ta dafa ƙwaƙwalwa. Yana hango ta ya saki abin da ke hannunsa.

"Hanifa! Me ya kawo ki nan? Baba ya sani?"

"Da ya sani zan zo?" Hawayen da ta riƙe tun daga Birnin Kebbi suka ɓalle. "Munzali, ka dube ni ka gaya min gaskiya. Me ka sa a ruwan nan?"

Fuskarsa ta canza.

"Har ke?"

"Ban ce na yarda ba! Amma na gani da idona. Yana numfashi, yana da hannuwa. Me zan ce musu? Gwaggo ta gama yaɗa wa dangi cewa asiri ka yi min. Ni kuma jiya ko runtsawa ban yi ba, ina tambayar kaina ko son da nake maka ma nawa ne."

Maganar ta soke shi, ta gani a idonsa, ta kuma yi da-na-sanin faɗarta. Ya ɗauki fartanya ya yi gaba, ta bi shi. Ya riƙa tafiya a hankali a kan busasshiyar laka, kansa a ƙasa, har ya tsaya a kan wata 'yar huda da ba ta fi shigar ɗan yatsa ba. Ya sara kewaye da ita, ya ɓamɓaro wani ƙaton curi, ya fasa shi da hannu.

A tsakiyar curin akwai wani abu a naɗe cikin busasshiyar fata kamar leda. Ya tsoma shi a robar ruwa. Ba a jima ba fatar ta jiƙe, abin ya motsa, ya miƙe, ya ɗago kai ya shaƙi iska.

Hanifa ta dafe baki.

"Gaiwa ke nan," in ji Munzali. "Kifi ce kamar kowane kifi. In ruwa ya janye sai ta shige laka ta kwanta, ta yi wata da watanni, har damina ta dawo. Bado ba ya kamawa a yashi, sai da lakar fadama. Na yanko manyan curi da saiwarsu a ciki don kada su mutu a hanya, na jera su a ƙasan tafkin yadda suke. Ya kamata in farfasa in duba. Ban duba ba, ina ɗokin in gama in burge Baba. Laifina ke nan, ba ni da wani."

Dariya da kuka suka haɗe mata lokaci guda.

"Shi ke nan? Wannan ne duk abin?"

"Shi ke nan." Ya wanke hannunsa. "Abu ɗaya ne ya ɗaure min kai. Kin ce ku mutanen garin Gulma ne, nan kusa da mu. Duk wanda ya yi ƙuruciya a Gulma ya san gaiwa. Yara ma tonon ta suke yi."

"Baba tun yana ƙarami ya baro can. Mu ko sau ɗaya bai taɓa kai mu ba. Gobe dai ka zo da curi irin wannan, ka nuna musu a gabansu."

"In an bar ni na yi magana."

"Za a bar ka. Baba ba ya zalunci, na san shi."

Ta koma gida da sirrin a bakinta, ta kasa faɗa wa kowa. In ta faɗa za a tambaye ta inda ta ji.

Asabar tun kafin azahar tifa ta juye yashi a ƙofar gida. Abdussamadu ne ya kawo, da leburori biyu da barorinsu na tura yashi, wai gudunmawarsa ce ga Kawu. Kai, mutumin nan! Har sabuwar shadda ya sa, kamar ranar ɗaurin aurensa ce.

Munzali ya iso a kan babur, da bokiti da wani buhu a ɗaure a baya. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Alhaji. Alhaji ya amsa a ciki.

"Baba, in an yi min izini, akwai abin da nake so in nuna..."

"Ba magana ta kawo ka ba. Ga ruwanka can."

"Minti biyu kawai, Baba. A cikin buhun nan..."

"La'ilaha illallahu!" Gwaggo Baiwa ta zabura. "Wani kuma yak kawo! A hitar da buhun ga waje! Abdussamadu, kak ka taɓa shi da hannu!"

Da ƙafa Abdussamadu ya riƙa tura buhun har bakin ƙofa. Hanifa tana tsaye jikin tagar kicin tana kallo. Hujjarsu ɗaya tak, ga ta can an shure ta waje.

Munzali ya naɗe wando. Ya janye ruwan da inji har ya dawo iya gwiwa, sannan ya shiga. Ya sunkuya, hannuwa biyu cikin laka, yana lalube a hankali tsakanin saiwoyin badon da ya dasa da hannunsa. Hajiya Ma'u tana zaune a kujerar roba da carbi, leburori sun jingina da barorinsu, Alhaji yana tsaye cikin farar shadda.

Ruwan ya yi wata irin girgiza. Munzali ya ɗago da gaiwar, tsawonta ya kai kamu guda, tana ta mutsu-mutsu. Ya jefa ta bokiti ya ajiye a bakin tafkin.

Abdussamadu ya matso da wayarsa, wai sai ya ɗauki fuskarta a nuna wa malam. Ya sunkuya ke nan ta ɗago ta yi wani ƙara kamar gurnani. Ya yi tsalle da baya, dugadugansa ya kwashi bokitin.

Sai ga ta a ƙasa, tana wutsil-wutsil a kan dabe, ta nufi ƙafar Hajiya Ma'u kai tsaye. Hajiya ta yi ƙoƙarin tashi, zani ya harɗe ta, ta faɗi zaune. Cikin ruɗewa ta miƙa hannu za ta ture kan abin.

"Kak ki kai hannu ga bakinta! Gaiwa ta, tana cire yatsa!"

Muryar Alhaji ce, amma ba Hausarsa ta ofis ba. Kafin kowa ya ƙifta ido ya duƙa. Babban yatsansa ya danne bayan kanta, sauran suka zagaye maƙogwaro, ɗaya hannun ya cafke ta kusa da wutsiya ya lanƙwasa. Kifin da ya kusa suɓuce wa Munzali, ɗan masunta, ya yi laƙwas a hannun tsohon darakta.



Hanifa ta fito daga kicin a hankali. Tun da abin nan ya bayyana, ba wanda ya kira sunansa a gidan. Ta dubi hannuwan mahaifinta, ta dubi yadda suka zauna daram a inda ya kamata, sai wani sanyi ya ratsa ta tun daga ƙafa.

"Baba," ta ce. "Ka santa."

Ya sunkuyar da kai, ya kafa wa kifin ido.

"Tun shekaranjiya ka santa. Ka san ba asiri ba ne. Kana tsaye aka kira Munzali matsafi, aka ce an juya min hankali, ka yi shiru."

"Ke, da ubanki kike wagga magana?" Gwaggo ta taso.

"Ke ma kin santa, Gwaggo! Gida ɗaya kuka tashi!"

"Sani, kak ka tanka mata!"

Amma Alhaji ya riga ya ɗago kai. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Na santa. Shekara bakwai ina tonon ta da yunwa a cikina, ni da yayata wannan da kike gani. Ubanmu masunci ne, ba ɗan kasuwar da na ce muku ba." Ya dubi matarsa, ya kawar da kai. "Da aka kawo ni makaranta garin nan, benci guda ake bar min ni kaɗai, wai ina ƙarni. Na yi karatu, na kama aiki, na sa tufa mai kyau. Na je neman auren wata a cikin gari, kafin uwarki. Da na tashi tafiya, ban kai ƙofa ba na ji ubanta yana cewa a wanke tabarmar da na zauna."

Hajiya Ma'u ta saki carbinta. Shekara talatin da aure, yau ta fara jin wannan.

Tausayinsa ya kama Hanifa har ƙirjinta ya yi zafi. Amma haushi ya fi tausayin yawa.

"To Baba, abin da aka yi maka, shi za ka yi wa ɗan wani?"

"Saboda na san zafinsa ne. Yaron nan ba shi da laifi, na sani. Yana da hankali, yana da sana'a. Amma shekara arba'in na yi ina wanke lakar nan daga jikina, don kada wani ya taɓa toshe hanci in kun wuce. Ba zan ɗauki ɗiyata da hannuna in mayar da ita ciki ba. Ba zan yi ba, Hanifa, ko za ki mutu." Ya juya wajen leburori. "Ku fara zuba yashi."

Na farkon ya turo baronsa, ƙafar baron tana ƙara.

Hanifa ba ta yi shawara da kowa ba, har da kanta. Ta cire takalmi, ta taka dakalin tafkin, ta shiga. Ruwan ya haɗiye atamfarta har gwiwa, laka mai sanyi ta kutsa tsakanin yatsunta. Ta je tsakiya ta tsaya.

Lebura ya ja birki a bakin ramin. "Alhaji, da mutum a ciki fa."

"Kun gani ko?" Gwaggo ta ɗora hannu a ka. "Ruwan na kiranta!"

"Ba abin da ya kira ni, Gwaggo. Da hankalina na shigo." Ta dubi mahaifinta, hawaye suna zuba har haɓa. "Baba, ban taɓa saɓa maka ba. Da asiri ka yarda da shi, da na yi haƙuri har Allah ya bayyana gaskiya. Amma gaskiyar tana hannunka. Lakar nan ta kakana ce. Ni ba na jin kunyarta."

"Hanifa, fito, don darajar iyayenki," Hajiya Ma'u ta faɗa cikin kuka. "Ki rufa min asiri."

Alhaji ya dubi agogon hannunsa, kifin yana nan a damƙe.

"Yanzu za a kira la'asar. In kin fito kafin ladan ya gama, ke ɗiyata ce, kuma ba za a sake tayar da zancen yau ba. In ya gama kina ciki, to ki bi shi Argungun ki nemi wani uban."

Munzali ya zube a bakin tafkin, gwiwa biyu a ƙasa.

"Hanifa, ki fito. Na roƙe ki. Ni ne na jawo, ni ya kamata in ɗauka."

"Kai ma?"

"Uba ba a sake shi. Ni zan iya jira, shekara nawa ne ma zan jira. In kuma babu rabo..." Ya miƙo mata hannu. "Ki fito kawai."

"In na fito yau, har abada ba za a ba ka ni ba. Ka sani, na sani."

Lasifikar masallacin unguwa ta yi ƙara, ladan ya gyara murya.

Allahu Akbar.

Tsoro ya rufe ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Taku uku ne tsakaninta da dakali. Ta dubi Mama da ke miƙo mata hannu biyu. Ta dubi Baba, mutumin da ya goya ta a wuya ranar da ta fara zuwa makaranta. So take ya ce wani abu, ko da sunanta ne kawai. Shi ma, ta gani, jira yake ta ɗaga ƙafa.

Ladan ya kai hayya alas sala. Ƙafarta ta dama ta ɗan motsa cikin lakar, Mama ta ce, "Yawwa, taho, taho!" Hanifa ta runtse ido, ta mayar da ita inda take, ta danna.

La'ilaha illallah.

Lasifikar ta yi shiru.

Alhaji ya sunkuya ya tayar da bokitin, ya saka gaiwar a ciki a hankali. Ya goge hannuwansa a gaban rigarsa, ɗaya bayan ɗaya. Bai dubi tafkin ba. Ya nufi ƙofa, sai da ya kama marfin sannan ya tsaya.

"Hajiya," ya ce, "a haɗa mata kayanta."